Tsakanin waƙar kaboyi da kiɗan western swing

Tambaya: Malam, waƙoƙin da muke ji a tsofaffin finafinan kaboyi, da gaske na makiyaya ne? Kuma me ya haɗa su da kiɗan western swing? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, tushen na makiyaya ne, amma abin da silima ta nuna maka an yi masa kwalliya sosai.

Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, sai aka shiga koro garkunan shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, irin su Abilene. Tafiya ce ta watanni. Da dare masu gadi kan zagaya garke a kan doki suna rera waƙa a hankali, don kada wani motsi ya firgita shanun su watse. Galibi murya ce zalla, ba jita, don wa zai ɗauki jita yana fama da linzami? Karin waƙoƙin da yawa tsofaffi ne da baƙi suka zo da su daga Ingila da Ailan, aka sauya musu baiti. Kuma makiyayan nan da dama baƙar fata ne da 'yan Meziko, abin da finafinan suka yi shiru a kai.

Sai da sana'ar ta ja baya aka fara rubuta waƙoƙin: masu tattara waƙoƙi Jack Thorp a 1908, da John Lomax a 1910. A 1925 Carl T. Sprague ya sa ɗaya a faifai ta karɓu, daga nan mawaƙa 'yan fim Gene Autry da Roy Rogers suka kai abin silima.

Shi kuwa western swing ɗan birni ne, don rawa aka yi shi. A birnin Fort Worth na Texas, farkon shekarun 1930, Bob Wills mai goge da mawaƙi Milton Brown suna kiɗa a rediyo suna tallar fulawar kamfanin Burrus. Manajan kamfanin, W. Lee O'Daniel, farin jinin shirin ya taimaka masa har ya zama gwamnan Texas. Brown ya ɓalle a 1932 ya kafa ƙungiyarsa, ya kawo fiyano da salon jaz (kiɗan da baƙar fatar Amurka suka ƙirƙiro), sannan Bob Dunn ya jona jitarsa da lantarki. A ganina Brown ne ya aza harsashin, sai dai hatsarin mota ya yi ajalinsa a 1936, sunan ya bi Wills.

Wills ya taso yana tsintar auduga tare da baƙar fata, a nan kunnensa ya sha salon waƙarsu da ake kira blues. Da ya koma birnin Tulsa na jihar Oklahoma a 1934 ya ƙara ganguna da kayan busa, jama'a na cika zauren rawa na Cain's. Hular kaboyi da takalman da ƙungiyarsa ke sawa kayan fita fage ne. Sunan western swing ma sai a shekarun 1940 ya kama baki, lokacin da kiɗan ya bi 'yan ci-rani zuwa Kalifoniya.