Akwatin motar soja ba shago ba ne

Ka tambaye ni yadda za ka shigar da wutar Nepa da fitilu cikin akwatin tsohuwar motar sojan nan da aka sayo a gwanjo, har ka ce kana ganin za ka yi mata wayarin irin na shago. Wannan magana ta ƙarshe ce ta sa na zauna ba ka amsa, domin ta tuna mini da asarar da har yau take ci mini rai.

Shago a ƙasa yake zaune, shi kuwa akwatin nan ƙarfe ne zalla a kan tayoyin roba. Idan layif, wato wayar da ke ɗauke da wuta, ya taɓa bodi, wutar ba ta da hanyar sauka, fis ba zai ƙone ba, motar gaba ɗaya za ta ɗauki bolt 230 ta yi shiru, sai ranar da wani ya kama marfin ƙofa ƙafarsa tana ƙasa.

Shekarun baya wani ɗan kwangila mai haƙa rijiyar burtsatse ya kawo mini irin wannan mota ƙirar MAN, yana so ma'aikatansa su riƙa kwana a ciki idan sun shiga ƙauye. Na rubuta masa kayan aiki, ya ce shi zai sayo da kansa, sai ga shi da wayar gida mai sili ɗaya maimakon mai laushi da na rubuta. Na gaya masa mota girgiza take yi, waya mai sili ɗaya kuwa ba ta jure girgiza. Ya ce waya ai waya ce, aiki na jiransa. Kuskurena shi ne na biye masa, ban kuma sa ya rubuta a takarda cewa zaɓinsa ne ba. Birekar da ke yanke wuta idan ta zurara, ita ma ya ƙi saya, na ciro kuɗi daga aljihuna na sa masa.

Bayan 'yan watanni a kan hanyar burji, wayar ta goge a bakin wata huda, birekar ta fara yanke wuta, wato tana yin aikin da aka sa ta. Maimakon ya dawo wurina, sai ya samu wani yaro a bakin titi ya cire ta, ya haɗa wayar kai tsaye. Da damina wani ma'aikacinsa ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasa ba takalmi, ya kama ƙofa, wuta ta ja shi ta yar, tafin hannunsa ya ƙone, Allah ya sa da sauran kwanansa a gaba. Mutumin nan ya zo ƙofar shagona yana ɗaga murya a gaban yarana. Na buɗe akwatin rarraba wuta a kan idonsa, ga gurbin birekar fayau, ga wayoyi biyu an murɗe an naɗe da salatif, amma ya rantse haka na ba shi motar. Cikon kuɗina bai biya ba, kuɗin birekar ya bi ruwa, kuma mutum biyu da muka riga muka yi ciniki suka janye aikinsu saboda maganarsa.

Saboda haka ka saurara. A jikin akwatin, ta waje, ka ɗaura mashigar wuta mai murfi, shuɗiyar nan ta am 16 mai haƙora, ta yadda igiyar da ke ɗauke da wuta ita ce mai ramuka. Igiya mai filogi kai biyu kada na gan ta a hannunka. Daga mashiga sai bireka mai yanke layif da nutural tare, domin ba ka san yadda aka juya waya a gidan da za a ja wutar ba, sannan birekar zurara ta miliam 30, ka danna maɓallin gwajinta ka ga ta faɗi kafin ka miƙa aiki. Wayar at, wato wadda ke sauke wuta zuwa ƙasa, ka ɗaure ta da kusoshi a bodi da shasi bayan ka kankare fenti, ka tanadi sandar jan ƙarfe da za a riƙa kafawa duk inda motar ta tsaya. Kada ka haɗa nutural da at a cikin akwatin. Idan janareta za a kunna, a wurinsa ake haɗa su, kuma ta canji-oba zai shigo. Kowace huda ka sa mata zoben roba, waya mai laushi ta bi cikin bututu, mai kauri 2.5 ga soket.

Fitilu kuwa ka ɗora su a kan batir, don haske ya tsaya ko an ɗauke wuta. Yawancin manyan motocin soja bolt 24 ne, batir biyu a jere, saboda haka ka sayi ƙwan LED na 24. Yaran yanzu sai su ja 12 daga batir ɗaya domin sun gani a waya, batirin ya riƙa raguwa ɗan'uwansa yana cika fiye da kima, a kashe su duka biyun. Ka ware wa akwatin nasa batiran da caja, fis yana dab da kan batir, wayarsu kuma kada ta shiga bututu ɗaya da ta Nepa.

Yadda ake haɗa makunni da soket ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda ya shekara uku a shagona bai kamata ya tambaya ba. Gobe da safe ka kawo mini jerin kayan in duba, kuma ka shaida wa mai motar cewa mu za mu sayo su. Idan ya ƙi, ya zo ya ɗauki motarsa.