Yatsun da ke sandarewa da safe

'Yar'uwa, kin ce yatsunki na hannu biyu suna kumbura, da safe su sandare har ki kasa matse tsumma. Sannu, Allah Ya ba ki lafiya.

Wannan ya yi kama da wani nau'in amosanin gaɓɓai, inda garkuwar jiki take afka wa gaɓɓan mutum. Idan sandarewar tana wuce minti 30 kullum, je asibitin koyarwa ki ga likitan gaɓɓai, a yi gwajin jini na anti-CCP, wanda ke taimakawa wajen gano wannan ciwon.

Maganin da aka fi farawa da shi methotrexate ne, sau ɗaya a mako, ba kullum ba, kuma mai ciki ba ta shansa. Don Allah kada ki riƙa sayen prednisolone a kemis. Yana rage zafi, amma daɗewa a kansa yana raunana ƙashi.