Tambayi Likita: Ƙashin Baya da Lakar da Ke Cikinsa

Wani ɗan acaɓa daga Yelwa a cikin Bauchi ya rubuto: Likita, abokin sana'ata ya faɗi a babur a hanyar Jos. Da muka ɗaga shi yana motsa yatsun ƙafa, amma kafin mu isa asibiti a Keke Napep ƙafafun sun mutu. Me ya faru?

Allah ya ba shi lafiya, ya saka muku da alheri, don taimako kuka yi niyya. Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere: 7 a wuya, 12 inda haƙarƙari ke kamawa, 5 a ƙugu, sai 9 na ƙasa da kan manne idan mutum ya girma. Ramukan da ke tsakiyarsu sun haɗu kamar bututu, ta nan laka ta sauko daga ƙwaƙwalwa har saman ƙugu. Duk wanda ya taɓa cin wuyan rago ya ga farin abin nan mai taushi a tsakiyar ƙashi. To ita ce, kuma ta cikinta saƙon motsi da saƙon jin taɓi ke bi.

Ƙashi kan karye laka ba ta taɓu ba. Da an naɗe mutum an cusa shi a keke, sai karyayyen ƙashin ya goce ya danne ta. Kumburi ma kan jawo haka bayan sa'o'i. Wannan abu yana ci mini rai, domin sau da yawa ana iya kauce masa. Wanda ya faɗi yana kukan wuya ko baya, ko yana jin ƙafa kamar ba tasa ba, kada a zaunar da shi, kada a fizge hular kwanonsa, kada a ɗura masa ruwa. Mutum ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki, uku su mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume zuwa kan ƙyaure ko benci. A-kori-kura ta fi keke nesa ba kusa ba. A nufi babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A kula da numfashinsa, don jijiyoyin da ke sa numfashi daga wuya suke fitowa.

Wata baiwar Allah daga Misau: Maigidana ya faɗo daga saman motar kaya wata 2 ke nan. Hannuwa lafiya, ƙafafu sun shanye. Dangi sun matsa a kai shi wurin mai ɗori. Zai sake tafiya?

Sannu da jinya, 'yar'uwa. Tunda hannuwa na aiki, raunin yana ƙasa da wuya. Batun tafiya ya dogara ne da ko saƙo na wucewa ta lakar. Idan yana jin taɓi a ƙafa ko kewayen dubura, ko yana motsa yatsan ƙafa ko da ɗaya, akwai kyakkyawan fata, kuma yawancin sauƙin a watannin farko yake zuwa. Idan ta lalace gaba ɗaya, laka ba ta ɗoruwa kamar ƙashi, ja da matsar mai ɗori sai dai su ƙara ɓarna. Ki roƙi dangi su haƙura.

Abin da nake tsoro yanzu shi ne gyambon kwanciya da ciwon mafitsara. A riƙa juya shi duk bayan awa 2, dare da rana, a duba ɗuwawu da diddige kullum, shimfiɗa ta zama a bushe. A tsaftace robar fitsari, ya sha ruwa sosai, kada a fasa zuwa gashin ƙashi.

Wani dattijo daga Darazo: Ban faɗi ba, amma bayana na ciwo wata 5, ina rama da zufar dare, har ɗan ƙusumbi ya fito.

Baba, wannan ya yi kama da tarin fuka da ya kama ƙashin baya, ko da ba ka tari. Ka je a yi hoto da gwaji cikin makon nan, tun ƙafafu ba su fara nauyi ba. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, shansa yakan kai shekara, kuma ba a dainawa don an ji sauƙi.