Kamfani ya soke mana tafiyar Umara, ya ce ba a mayar da kuɗi

Assalamu alaikum Barista. Ni 'yar kasuwa ce a Kano. Na biya wa kaina da mahaifiyata kuɗin Umarar goman ƙarshe na azumi a wani kamfanin tafiye-tafiye, naira miliyan tara, wanda ya haɗa biza da tikiti da masauki a Makka da Madina da motar zirga-zirga. Saura kwana biyar mu tashi suka kira ni suka ce biza ba ta fito ba, tafiya ta fasu. Da na nemi kuɗina sai manajan ya nuna mini ƙasan rasit inda aka rubuta cewa ba a mayar da kuɗi. Ya ce sai dai a ɗaga mana zuwa baɗi, mu cika abin da ya ƙaru, ko kuma in je in nemi inshora tunda tana cikin abin da na biya. Wata uku ke nan ana yi mini gobe jibi. Me doka ta ce?

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba Mama haƙuri, ya kai ta ɗakinsa da lafiyarta.

Wannan rubutun na ƙasan rasit, ki daina jin tsoronsa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wadda aka sani da FCCPA ta 2018, ta yi magana a kansa ta fuska uku. Sashe na 120 ya ba mai saye damar fasa abin da ya yi ajiyar gurbinsa tun kafin lokaci, a cire masa kuɗin fasawa daidai misali, ba a cinye duka ba. Sashe na 129 ya hana a sa sharaɗin da zai ƙwace wa mai saye haƙƙin da dokar ta ba shi. Sashe na 130 kuma ya ce wanda ya karɓi kuɗin aiki dole ya yi shi a kan lokaci, in ya kasa ya gyara ko ya mayar da kuɗi gwargwadon abin da bai yi ba. A 2022 babbar kotun jihar Enugu ta yanke wa wani kamfanin motocin haya hukunci a kan irin wannan sharaɗi, ta ce ya saɓa wa doka, ta kuma ci shi diyyar naira 500,000 a kan kuɗin mota da bai taka kara ya karya ba. To idan wanda ya fasa da kansa doka ba ta yarda a cinye masa kuɗi ba, ina ga ke da aka fasa miki?

Amma kar in yi miki alkawarin miliyan tara cif tun ban ga takardu ba. Abin da zai yanke yawan kuɗin da za ki karɓa shi ne amsar tambaya ɗaya: me ya hana bizar fitowa?

Idan kamfanin ne ya yi sakaci, misali bai tura takardunku da wuri ba, ko ya sayar da kujerun da suka fi ƙarfinsa, ko ya juya kuɗin mutane a wata harka yana jiran riba, to ya karya yarjejeniya. Kina da haƙƙin kuɗinki gaba ɗaya, har da asarar da kika yi kai tsaye saboda tafiyar, in kina da shaidarta. A goman ƙarshe irin wannan ya fi yawa, domin kowa ya san cunkoson lokacin, kuma kamfanin da ya karɓi kuɗinki ya san da shi kafin ya karɓa. Ba zai zo daga baya ya ce abin ya zo masa ba zato ba.

Idan kuwa hukumomin Saudiyya ne suka rufe ƙofa ga kowa, kamar yadda suka dakatar da Umara a ƙarshen Fabrairun 2020 saboda korona, doka tana ɗaukar cewa yarjejeniyar ta mutu ba da laifin kowa ba. Nan ma kuɗi ba ya zama na kamfani. Abin da zai iya roƙa shi ne a bar masa abin da ya riga ya kashe da gaske kuma ba zai dawo ba, kamar kuɗin neman biza in ya riga ya biya. Kuma ba da fatar baki ba. Sai ya kawo takardar biya, da sunanki da na Mama, da kwanan wata. Na sha ganin inda ake cewa otal ya cinye kuɗin, da aka matsa sai a tarar ba a taɓa kama ɗaki da sunan matafiyin ba, ko an kama an sayar wa wani. Haka tikiti: ki nemi lambarsa, ki je ofishin kamfanin jirgin ko shafinsa na intanet ki duba. In an saya kuma an soke, akwai abin da jirgi yake mayarwa, kuma yawanci wurin wakilin da ya sayi tikitin yake komawa. In ba a saya ba kwata-kwata, kin ga magana ta ƙare.

Hanya ta uku ita ce a ce an hana bizar saboda wani abu daga ɓangarenku, kamar fasfo da wa'adinsa ya kusa ƙarewa. A nan ne kamfani ke da ƙarfin cire kaso mai ɗan yawa. Wasiƙarki ba ta nuna haka ba.

Batun ɗagawa zuwa baɗi tayi ne, ba hukunci ba. Kina iya karɓa, kina iya ƙi. In har za ki karɓa, kar ki yarda da baki. A rubuta ranar tafiya, da sunan masauki, da cewa ba za ki ƙara ko kwabo ba, da abin da zai faru in aka sake fasawa. Ni dai da za ki bi tawa, ki karɓi kuɗinki. Kuɗin da ya kwana shekara a hannun wani a yadda naira take hawa da sauka, ba shi ne zai dawo miki ba, kuma sa hannu a sabuwar takarda yana iya zama yafe tsohon haƙƙi ba tare da kin lura ba.

Yanzu inshorar da manajan ya tura ki. Wannan korar kare ce kawai. Inshorar da ke tafe da bizar Umara tsari ne na gwamnatin Saudiyya, an yi ta ne domin mai ibada da ya shiga ƙasar: rashin lafiya na gaggawa, haɗari, rasuwa, da tangarɗar jirgin komawa. Wanda bizarsa ba ta fito ba, bai shiga ƙarƙashinta ba tun farko. Hasali ma kuɗinta yana cikin abin da ya kamata a mayar miki.

Inshorar tafiya da mutum ke saya daban a nan gida, ko a kamfanin inshora ko na takaful, wato inshorar Musulunci, ita ma sai an karanta takardarta. Da yawa daga cikinsu na jinya ne kawai, irin wadda ƙasashen Turai na Shengen ke tilasta wa mai neman biza, mai ɗaukar nauyin magani na aƙalla yuro 30,000. Waɗanda suka haɗa da fasa tafiya suna lissafa dalilan da suke biya a kansu, galibi ciwo mai tsanani ko rasuwar matafiyi ko ta makusancinsa. Hana biza, da gazawar kamfanin tafiye-tafiye, da matakin gwamnati, da annoba, sau da yawa suna cikin jerin abubuwan da aka ware. In kina da irin wannan takarda, ki duba shafin abubuwan da ba a biya, ki kuma sanar da su a rubuce yau ɗin nan, don suna sa wa'adin sanarwa. In suka ƙi biya ba bisa hujja ba, hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora tana karɓar ƙorafi a kansu.

A Turai matafiyi ya fi mu gata ta wannan fuska. Dokar Tarayyar Turai ta 2015 ta wajabta wa mai shirya tafiya ya mayar da kuɗi cikin kwana 14 in ya soke, ta kuma sa ya ajiye lamunin da za a biya mutane ko da ya karye. A Ingila suna da tsarin ATOL mai yin wannan aiki. Mu a nan sai mutum ya bi kuɗinsa da ƙafarsa.

Ga yadda za ki bi. Ki tattara rasit, da takardar banki ta tura kuɗin, da tallan da suka yi, da duk hirarku ta WhatsApp, musamman saƙon da suka ce tafiya ta fasu. Ki lura da asusun da kika tura wa kuɗin. In na kamfani ne, kamfani za ki kai ƙara da cikakken sunansa na rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. In asusun manajan ne na kansa, a haɗa da shi. Daga nan lauya ya rubuta musu wasiƙar neman biya, a ba su kwana goma sha huɗu, a nemi su kawo bayanin duk abin da suke cewa sun kashe.

In suka yi shiru, ki kai ƙorafi hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON. Dokarta ta 2006 ta ba ta ikon ba kamfanonin Hajji da Umara lasisi da sa musu ido, kuma kamfanin da ke son ci gaba da sana'a ba ya wasa da kiranta. Tun kafin ki je ki bincika ko sunansu yana cikin masu lasisi, domin in ba ya ciki, wannan wata magana ce mai nauyi a kansu. Ki aika kwafi ga hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye da ƙungiyar masu kamfanonin, AHUON. Sashe na 146 na dokar 2018 bai ɗaure ki da jiran waɗannan ba, kina iya zuwa kotu kai tsaye. Kano tana da kotun ƙananan basussuka tun 2019, wadda aka tsara ta gama shari'a cikin kwana 60, sai dai tana da iyakar kuɗin da take saurara. Lauyanki zai duba ko miliyan tara ta shiga, in ba ta shiga ba sai babbar kotun jiha. In kina gudun kuɗin ruwa, ki faɗa masa tun farko ya nemi diyyar asara a madadinsa.

'Yan sanda fa? Na san 'yan uwa za su ce a kama manajan. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, kuma in kika sa aka tsare shi a kan haka yana iya juyowa ya kai ki ƙara. Sai in bincikenki ya nuna ba su nemi biza ba, ba su sayi tikiti ba, ba su da lasisi. Wannan ya tashi daga saɓa alkawari ya koma damfara, kuma a nan ne 'yan sanda ko EFCC ke da hurumi.

In suka kawo tayin biya kashi-kashi, ba laifi ki karɓa, amma a rubuta jimillar bashin da ranakun biya, daraktan kamfanin ya sa hannu a matsayin mai tsaya wa bashin da kansa. Kuma duk takardar da aka miƙo miki lokacin karɓar kashin farko, kar ki sa hannu sai lauyanki ya karanta, don a nan ake cusa layin da ke cewa kin karɓi wannan a matsayin cikakken biya.