Amsa ga Yarona: Na'urar Wasa Ɗaya, Allo Biyu, Lasifika Shida

Ɗana, na ga saƙonka game da aikin da na tura ka Samaru jiya, kuma na zaɓi in rubuta maka amsa a tsanake, domin wannan tambaya za ta riƙa dawo maka muddin kana cikin wannan sana'a. Ka ce maigidan yana da na'urar wasa PlayStation 5 guda ɗaya, yana so wani lokaci ya yi wasa da yaransa a babban talabijin na falo, wani lokaci kuma shi kaɗai a allon kwamfuta da ke kan teburinsa a gefe. Ka sa masa akwatin raba hoto, wanda muke kira sifilita a shago, hoto ya fito a duka biyun, amma a cikin lasifika shida da ya kashe kuɗi ya saya, biyu na gaba ne kaɗai suke magana, na baya suka yi tsit. Kana tambaya ko sifilitar ce ta lalace ko amfilifayar, wato akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi ya raba wa lasifikoki.

Babu wadda ta lalace a cikinsu. Yadda ka jera kayan ne ya jawo haka, kuma ban ga laifinka ba, tunda ban taɓa zaunar da kai na bayyana maka abin da ke gudana a cikin wayar HDMI ba, wato wayar da ke ɗauko hoto da sauti daga na'urar wasa. Bakin wannan waya yana da ƙananan ƙafafu 19, kuma ba dukkansu ne ke ɗaukar hoto da sauti ba. Wasu aikinsu tambaya da amsa ne. Da zarar an kunna na'urar wasa, sai ta tambayi abin da ke ɗaya ƙarshen wayar irin girman hoton da yake iya nunawa da yawan layukan sautin da yake iya karɓa. Kowane allo yana da ɗan bayani da kamfani ya ajiye a cikinsa, wanda ake kira EDID, shi yake miƙawa a matsayin amsa. Na'urar wasa kuwa ƙofar HDMI ɗaya gare ta, don haka amsa ɗaya take saurara. Da ka sa sifilita a tsakani, sai ya zama dole ta haɗa amsoshi biyu su koma ɗaya, kuma yawancin masu arha sukan ɗauki amsar wanda ya fi rauni don kada wani allo ya zauna baƙi ƙirin. Kamar uwargida ce da ta yi baƙi biyu a tukunya ɗaya, ɗaya ba ya cin yaji, sai ta hana miyar yaji gaba ɗaya. Allon kwamfuta ya ce layi biyu yake ɗauka, na'urar ta yarda, ta daina aiko sauran huɗun tun daga tushe, shi ya sa amfilifayar ba ta da abin da za ta raba wa na baya. Idan ka duba da kyau, ina kyautata zaton hoton talabijin ɗin ma ya sauko daga 4K, wato hoto mai tsananin kyau, zuwa 1080p da bai kai shi ba, saboda wannan dalilin.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne a fara cire sauti kafin a raba hoto. Waya ta fito daga na'urar wasa ta shiga amfilifaya kai tsaye, sannan daga amfilifaya a nufi alluna. Idan aka yi haka, amfilifayar ce ke amsa tambayar sauti, ita kuwa za ta ce tana ɗaukar layi shida: hagu da dama na gaba, na tsakiya, biyu na baya, da wufa, wato lasifikar sauti mai kauri. Manyan amfilifayoyin Denon da Yamaha da Onkyo da yawa suna da ƙofar fita biyu a bayansu, kuma idan ta maigidan irin wannan ce, aiki ya ƙare ba tare da wani akwati ba, sai dai ka shiga saitinta ka tabbatar an ce ita za ta fitar da sautin HDMI, ba talabijin ba. Idan ƙofar fita ɗaya gare ta, sai akwatin ya zauna bayan amfilifayar.

A nan ma akwai tambayar da ya kamata ka yi masa tun kafin ka buɗe jakar kayan aiki: shin yana bukatar hoto a allunan biyu a lokaci guda? Daga bayaninka, ba ya bukata. To sifilita ba tasa ba ce. Abin da ya dace da shi shi ne akwatin sauya layi mai maɓalli, wanda ke tura hoto zuwa allo ɗaya a lokaci ɗaya, ta yadda kowane allo zai ba na'urar tasa amsar shi kaɗai ya samu cikakken hoton da yake iya nunawa. Allon zai yi duhu na 'yan daƙiƙoƙi duk lokacin da aka danna maɓallin, ka gaya masa tun da wuri cewa ba matsala ba ce.

Wurin da aikin ke yin tsauri shi ne idan amfilifayar tsohuwa ce, kuma yawancin waɗanda ke shigowa gwanjo haka suke. Mai HDMI 1.4, ƙa'idar 2009, ba za ta wuce da hoton 4K mai firam 60, wato hotuna 60 a daƙiƙa, ba; sai mai 2.0, ta 2013. Firam 120 a 4K, wanda PlayStation 5 ke iya bayarwa a wasu wasanni, sai mai 2.1, ta 2017. Idan ka bi da hoto ta tsohuwar amfilifaya, ka gyara sauti ka rage hoto. Na san zuciyarka za ta tafi ga ARC, wato ƙofar da talabijin ke mayar da sauti zuwa amfilifaya. A gidan da allo ɗaya ne tana da amfani, amma a wannan gida ba za ta yi ba, saboda da zarar an juya hoto zuwa tebur, talabijin ba ya karɓar komai, balle ya mayar da wani abu.

Mafita a nan ita ce akwatin tsame sauti. Shi ake fara haɗawa da na'urar wasa, daga gare shi HDMI ya wuce zuwa akwatin sauya layi, wayar haske kuma, wadda muke kira oftikal, ta tafi amfilifaya. A gefensa akwai ɗan makunni mai matsayi uku, za ka ga an rubuta 2CH da 5.1CH da PASS. Ka ajiye shi a 5.1CH, domin a nan ne akwatin ke amsa wa na'urar da bakinsa cewa ana karɓar layi shida, ko da wane allo ne a gaba. Amma ka kula da iyakar wayar haske. Kamfanin Toshiba ya fito da ita tun 1983, kuma layi biyu kawai take ɗauka na sautin da ba a matse ba. Layi shida ba sa wucewa ta cikinta sai an matse su a matsayin Dolby Digital ko DTS, wato tsare-tsaren matse sauti. Saboda haka dole ka shiga saitin sauti na PlayStation ɗin ka sauya daga Linear PCM, wato sautin da ba a matse ba, zuwa Dolby ko DTS. Idan ka manta, za ka ji abin da ya taɓa ɗaure mini kai yini guda a wani gida a Tudun Wada: ihun 'yan kallo yana fita a wasan ƙwallo, amma muryar mai sharhi ta ɓace, saboda layin tsakiya ne ke ɗauke da magana, akwatin kuma hagu da dama kaɗai ya tsama. Allon kwamfuta ba ya fahimtar Dolby, zai yi shiru ko ya riƙa ƙara, sai ka kashe sautinsa gaba ɗaya. Da a ce PlayStation 4 ta farko ce, ta 2013, ko Pro, ba ka bukatar wannan akwati, tunda suna da ƙofar oftikal a jikinsu. A PlayStation 4 Slim ta 2016 aka cire ta, kuma ba a mayar da ita a PlayStation 5 ba.

Kada ka yarda da kunnenka kaɗai wajen gwaji. Amfilifayoyi da yawa suna iya watsa layi biyu zuwa dukkan lasifikoki, mutum ya ji ƙara ta baya ya ɗauka aiki ya yi. Ka dubi ɗan gilashin da ke gabanta: idan ya nuna Dolby Digital ko DTS ko PCM mai layi da yawa, sautin gaskiya ne ke shigowa. Haka kuma, irin saitin lasifika biyar da ake sayarwa da arha a kasuwar Sabon Gari, wanda ƙofar shigarsa ja da fara ce kawai, ba zai taɓa ba da sauti mai kewaye na ainihi ba, kuma wajibi ne ka faɗa wa mai shi gaskiya kafin ya ƙara kashe ko kwabo.

Sauran abin da ya rage na wuta ne da waya, kuma ba na so ka ɗauke shi da wasa. Ka karanta rubutun da ke bayan amfilifayar kafin ka jona ta, domin waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka volt 120 suke sha, tamu wutar kuwa 230 ce, sai da taransifoma mai rage ƙarfi. Kada ka cire ko ka soka HDMI alhali kayan suna kunne. Gidaje da yawa a garin nan ba su da wayar ƙasa mai kyau, wato wadda ke zubar da rarar wuta cikin ƙasa, kuma na canza ƙofofin da suka ƙone ta wannan hanya fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Duk akwatin da za a saya, ya kasance mai nasa adaftan na volt 5. Idan an ɗauke wuta aka koma janareta, a fara kunna allo da amfilifaya, na'urar wasa ta zo ƙarshe, don ta tarar da mai amsa mata. Ka kashe saitin CEC a na'urar, wato wanda ke barin kayan da aka haɗa da HDMI su sarrafa juna, saboda yakan rikice idan allo ya wuce ɗaya. Idan nisan teburin daga falo ya haura mita biyar, a nemi HDMI mai zaren haske a ciki, kuma ka duba rubutun da ke kan bakunanta, domin gefe ɗaya na na'ura ne, ɗayan na allo, ba ta aiki idan an juya ta.

Gobe da safe ka koma Samaru, ka ba maigidan haƙuri, ka cire sifilitar ka dawo da ita shago. Ka ɗauki hoton bayan amfilifayar da lambar samfurinta, ka auna nisan teburin da tef, ka turo mini. Kada ka sayi komai sai na gani na gaya maka wanne daga cikin hanyoyin nan za mu bi.