Tambaya da Amsa: Masu ƙirƙirar injinan dā sun ci moriyar takardunsu kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni mai walda ne, ina ƙera ƙananan injinan noma. Kwanan baya wani yarona ya nuna min zanen tsofaffin injina a wayarsa, na gurzar auduga da na girbi da garma, kowane da lamba da shekara a samansa, wasu sun haura shekara 150. Ya ce takardun mallakar ƙirƙira ne na Turawan dā. Shin mutanen da suka ƙirƙiro injinan nan sun yi arziki da wannan takarda? Kuma in na kwaikwayi ɗaya daga ciki na sayar, na ci haƙƙin wani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai. Ni ma na daɗe cikin gyaran injin kafin in san cewa zanen nan suna ajiye a buɗe ga kowa, kuma tun ranar da na sani ban daina duba su ba.

Takardar nan ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai tona asirin abin da ya ƙera, ya zana shi, ya yi bayani dalla-dalla har wani mai sana'ar ya iya karantawa ya ƙera irinsa. Ita kuma hukuma za ta hana kowa ƙerawa ko sayarwa ba da izininsa ba, na wasu 'yan shekaru ƙidayayyu. Wa'adi na cika, abin ya zama na kowa. Birnin Fenis da ke Italiya ta yau ya kafa irin wannan doka a 1474 da wa'adin shekara 10. Ingila ta yi tata a 1624 da shekara 14, Amurka ta bi sahu a 1790. A yau yawancin ƙasashe shekara 20 suke bayarwa daga ranar da aka shigar da takardar nema.

To, sun yi arziki? Bari mu fara da injin gurzar da ka gani. Audugar da ake nomawa a cikin tudun kudancin Amurka gajeren gashi gare ta, kuma anguryarta maƙale take ƙam. Mutum ya wuni yana cirewa da hannu, abin da zai samu bai wuce laba 1 ba. A 1793 wani matashi mai suna Eli Whitney, yana baƙunta a wata gona a jihar Jojiya, ya haɗa gangar katako mai haƙoran waya. In an juya ta, haƙoran su finciko gashin audugar ta cikin wasu tsagogi masu ƙunci da angurya ba ta iya ratsawa, sai wani burushi mai juyawa ya share gashin daga haƙoran. Shi ke nan injin. Amma yana tsabtace laba 50 a rana, kusan kilo 23. An ba shi takardarsa ranar 14 ga Maris, 1794.

Sauƙin abin shi ya zame masa bala'i. Duk kafinta ko maƙerin da ya leƙa cikin akwatin sau ɗaya zai iya komawa gida ya haɗa nasa. Shi kuma Whitney da abokin kasuwancinsa Phineas Miller suka yi haɗama, suka ƙi sayar da injin, suka ce manoma su kawo auduga a gurza musu, su bar kashi 2 cikin 5 na amfanin a matsayin lada. Wane manomi ne zai yarda alhali maƙwabcinsa na iya ƙera masa irinsa? Kwaikwayo ya cika gari, Whitney ya shiga kotu, ya shekara goma yana sintiri a gaban alƙalai, a yankin da masu yanke hukuncin kansu manoman auduga ne. Sai 1807 kotu ta tabbatar masa da haƙƙinsa, a daidai lokacin da wa'adin takardar ke ƙarewa. Jihar Karolina ta Kudu ta amince ta biya dala 50,000 don manomanta su yi amfani da injin, amma shari'a da bashi sun lashe mafi yawan abin da ya shigo. Abin da ya rufa masa asiri daga baya shi ne kwangilar ƙera bindiga 10,000 da gwamnati ta ba shi a 1798.

Labarin garma ya fi ba ni tausayi, kuma kai da kake riƙe da ƙarfe kullum za ka fi kowa gane shi. A 1797 Charles Newbold ya sami takarda a kan garmar ƙarfen zubi, amma a dunƙule ya zuba ta, in bakin ya karye sai a yar da ita gaba ɗaya. Ga shi manoman lokacin sun ɗauka ƙarfe na sa wa ƙasa guba, suka guje ta. A 1819 Jethro Wood ya zo da dabarar da har yau muke kanta: a zuba kowane sashe daban a haɗa su, wanda ya ci ko ya karye a kwance shi a sa sabo. Garmarsa ta karɓu, masu zubin ƙarfe suka yi ta kwaikwayo ba sa ba shi ko sisi, shi kuma ya ƙarar da dukiyarsa wajen biyan lauyoyi. Ya rasu a 1834 ba shi da komai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shekara uku bayan rasuwarsa, a wani ƙauye mai suna Grand Detour a jihar Illinois, wani maƙeri ya lura cewa baƙar ƙasar yankin mai danƙo tana liƙe wa garmar zubi, manomi ya yi 'yan taku sai ya tsaya ya kankare. Ya ɗauki karyayyen zarton injin yankan katako, ya lanƙwasa shi, ya goge shi har yana sheƙi, ƙasa ta riƙa zamewa da kanta. Wannan maƙeri shi ne John Deere, kuma bai karɓi wata takarda a kan garmar 1837 ba. Abin da ya yi, maimakon ya zauna jiran mai oda kamar sauran maƙera, sai ya riƙa ƙerawa da yawa ya ajiye, ya kai wa manoma har gona su gwada. Yau sunansa na jikin taraktoci a duk duniya.

Haka ta faru da injin girbi. Wani ɗalibi a Sikotland, Patrick Bell, wanda daga baya ya zama limamin coci, ya ƙera mai aiki tun wajen 1828, ya ƙi neman takarda da gangan don yana son kowa ya amfana. A Amurka Obed Hussey ya karɓi tasa a 1833, Cyrus McCormick a 1834. Tsarin kusan ɗaya ne: doki na ja, babbar ƙafar injin na juya giya, giyar na kaɗa wata doguwar wuƙa hagu da dama a tsakanin yatsun ƙarfe da ke riƙe karan alkama, karan ya faɗo kan faranti a kwashe. Mutane da yawa sun fi yaba wuƙar Hussey. Takardar McCormick ta farko ta ƙare a 1848, ya nemi ƙari aka hana shi. Ya kai wani mai ƙera irin injin, John Manny, ƙara, aka saurari shari'ar a 1855, ya sha kaye (cikin lauyoyin da Manny ya ɗauka har da Abraham Lincoln, tun bai zama shugaban ƙasa ba). Duk da haka McCormick ne ya kuɗance. Tun 1847 ya kai masana'antarsa Shikago, kusa da manyan gonakin alkama. Ya sayar da injin bashi, manomi ya ba da kafin alƙalami ya cika bayan girbi. Ya ba da garanti a rubuce, ya baza wakilai da kayan gyara, domin ya san alkama in ta nuna ba ta jira, kuma injin da ya tsaya kwana uku a tsakiyar girbi ya jawo wa mai shi asarar shekara. Hussey kuwa ya sayar da kasuwancinsa a 1858.

Akwai wanda takarda ta yi wa rana, kada in yi rashin adalci. James Watt ya tarar da injin tururi irin na Newcomen, wanda ake fesa ruwan sanyi cikin silinda don tururin ya koma ruwa, sai silindar ta huce, a sake ƙona kwal a ɗumama ta, haka a kowane bugu. Watt ya ware wani mazubi daban inda tururin zai je ya huce, silinda ta zauna da zafinta. Ya karɓi takarda a 1769, majalisar Ingila ta tsawaita masa ita a 1775 har zuwa 1800. Shi da abokinsa Matthew Boulton, wanda ke da kuɗi da masana'anta a Birmingham, suka riƙa karɓar sulusin kuɗin kwal ɗin da injinsu ya rage wa masu haƙar kuza da tagulla a yankin Cornwall. Sun yi arziki sosai. Amma a tsawon shekarun nan duk wanda ya taso da gyara sai ya gamu da lauyoyinsu, kamar yadda Jonathan Hornblower ya gamu. Bayan 1800 ne Richard Trevithick ya sami sararin fito da injin tururi mai matsin ƙarfi, kuma daga 1811 injiniyoyin Cornwall suka fara buga rahoton aikin injinansu wata-wata, kowa na ganin na ɗan'uwansa yana gyara nasa. Ingancin injinan ya yi ta hawa.

Ni dai abin da na karanta ya nuna min cewa takarda ƙofar kotu kawai take buɗe wa mutum, kuma shiga kotu sai mai ƙarfin aljihu. Waɗanda suka ci riba su ne masu iya ƙerawa da yawa, su kai wa mai buƙata, su tsaya masa in ya lalace. Ka riƙe wannan a sana'arka.

Batun kwaikwayo kuwa, kwantar da hankalinka. Duk zanen da ka ambata wa'adinsu ya ƙare tun kafin a haifi kakanninmu, kuma dama sharaɗin cinikin ke nan. Ka ƙera, ka sayar, ba ka ci haƙƙin kowa ba. Za ka same su kyauta a shafin intanet na Google Patents ko na Espacenet, da lamba ko da sunan mai ƙirƙirar. Wasu na farko-farko dai sun salwanta, domin gobarar watan Disamba 1836 ta cinye ofishin takardun na Amurka da kusan takarda 10,000 a ciki, kaɗan aka iya maidowa.

Sai dai ka kula. Sunan kamfani da tambarinsa dokarsu daban ce, ba sa mutuwa muddin ana amfani da su, don haka kada ka rubuta sunan wani a jikin aikinka. Sabon gyaran da aka yi wa tsohon injin cikin shekara 20 da suka wuce yana iya kasancewa ƙarƙashin takarda mai rai. Zanen kuma ba kasafai yake ɗauke da awo ba, dabara yake nunawa, kai za ka fitar da kaurin ƙarfe da saurin juyi ta hanyar gwaji. Ba kuma duk abin da ya sami takarda ne ya yi aiki ba. Shi kansa Lincoln yana da takarda mai lamba 6,469 ta 1849, kan na'urar ɗaga jirgin ruwa in ya kafe a rairayi, kuma ba a taɓa ɗora ta a kan jirgi ba. Abin da na fi roƙonka shi ne murfi. Injinan dā a tsirara suke, bel da giya da haƙora duk a waje, kuma injin sussuka ya cinye hannuwa da yawa a zamaninsa. Na taɓa raka wani matashin ma'aikaci asibiti da yatsu biyu a tsinke saboda bel marar murfi, har yau abin bai bar raina ba. In kuma Allah ya ba ka wata sabuwar dabara taka ta kanka, kada ka baje ta a kasuwa ko a intanet kafin ka ga lauyan da ya san fannin, domin a yawancin ƙasashe abin da aka riga aka bayyana ba a ba shi takarda.

Tambaya: Baba Injiniya, ni ɗaliba ce mai karatun injiniyancin noma. Duk sunayen da ake koya mana na fararen fata ne. Babu baƙar fata cikin masu ƙirƙirar wancan zamani?

Amsa: Akwai su, 'yata, Allah ya yi wa karatunki albarka. Thomas Jennings na birnin New York ya karɓi takarda a 1821 kan hanyar wanke tufafi ba da ruwa ba. Henry Blair, manomi a jihar Maryland, ya karɓi ta injin shuka masara a 1834 da ta injin shuka auduga a 1836, kuma da alamar X ya sa hannu don bai iya rubutu ba. Su biyun 'ya'ya ne, ba bayi ba, shi ya sa doka ta saurare su.

Mafi yawan baƙaƙen Amurka a lokacin kuwa a cikin bauta suke, kuma injin Whitney ya ƙara musu azaba: da gurza ta yi sauƙi sai gonakin auduga suka faɗaɗa, yawan bayi ya tashi daga kusan 700,000 a 1790 zuwa kusan miliyan 4 a 1860. Cikinsu akwai maƙera da kafintoci da ke gyara kayan aiki kullum. Jo Anderson, bawan gidan McCormick, da hannunsa aka haɗa injin girbin nan, amma sunansa bai shiga takarda ba. A jihar Mississippi wani maƙeri bawa mai suna Ned ya ƙirƙiro garmar kankare ciyawa a gonar auduga, mai share gefe biyu na kunya lokaci guda. Ubangidansa Oscar Stuart ya nemi takarda a 1857, ofishi ya hana, kuma a 1858 babban lauyan gwamnati Jeremiah Black ya tabbatar da hanin: bawa ba ya iya rantsuwar da doka ta buƙata tunda ba a ɗauke shi ɗan ƙasa ba, ubangida kuma ba shi ya ƙirƙira ba. Stuart ya ci gaba da ƙera garmar yana tallarta yana karɓar kuɗin. Da jihohin kudu suka ɓalle a 1861, sai suka sa a dokarsu cewa ubangida na iya karɓar takarda a kan abin da bawansa ya ƙirƙira.