Gyara injin MGB ko dasa V8 na Rover?

Malam, ka ce injin motarka MGB ta 1977, ƙirar kamfanin MG na Ingila, ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, kana tunanin ko ka gyara shi ko ka dasa injin V8 (mai silinda takwas) na kamfanin Rover.

In dai bulok bai tsage ba, ni gyara zan ce. Injin B-series mai lita 1.8, wanda motar ta zo da shi, ba shi da wuyar sha'ani, kayan gyaransa kuma har yau ana samunsu sababbi a Ingila. 

Amma in ƙarfi kake nema, shekarar motarka ta taimake ka. Kamfanin MG da kansa ya fitar da MGB GT V8 daga 1973 zuwa 1976 da injin Rover mai lita 3.5, kuma motoci masu bambar roba irin taka mazaunin injinsu na ɗaukarsa ba tare da yawan yanke-yanke ba. Da yake na alminiyam ne, bai fi wanda ke ciki nauyi ba. Sai dai kashe kuɗin ba a injin yake tsayawa ba: akwatin giya, salansa da birki duk sai an taɓa su. Zafi ne babbar matsalar V8 ɗin, musamman a cunkoso, don haka kada ka yi rowa wajen lagireto da fanka.